Tun Ran Gini Ran Zane: Koyar da Ilmin Sanyaya Gini ga Masu Kula da Aikin Gini



Batun da zan yi magana a kansa shi ne yadda ya kamata a koya wa ɗaliban kula da aikin gini ilmin na'urorin da ke cikin gini, musamman na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira iyakwandishan. Ra'ayina a taƙaice shi ne, sanyin gini da tsadar wannan sanyi tun ranar da aka ja igiyar harsashi ake yanke su, kuma mutumin da ke tsaye a wurin a wannan rana shi ne mai kula da aikin. In bai san yadda zafi ke shiga gini da yadda na'ura ke fitar da shi ba, to, masu zama cikin ginin za su yi ta biyan bashin rashin saninsa muddin ginin yana tsaye. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, domin tukunya in ta bushe ba ta karɓar ado.

WANE NE MAI KULA DA AIKIN GINI?

Babban gini aikin hannuwa da yawa ne. Akwai mai zanen gini, akwai injiniyan da ke lissafin ƙarfin ginshiƙai da rodi, akwai injiniyan na'urori da na lantarki, sa'an nan akwai mai ƙididdigar kuɗi. Kowannensu yakan gama nasa a kan takarda. Wanda zai tattara takardun nan ya mai da su bulo da siminti, ya tsara wa zai fara wa zai biyo baya, ya tsaya a kan birkila da kafinta da mai aikin famfo da mai aikin waya, shi ne mai kula da aikin. A Nijeriya wannan sana'a tana da gata a doka, gama Dokar Soja mai lamba 45 ta 1989 ita ta kafa hukumar yi wa ƙwararrun magina rajista, kuma akwai sassan koyar da ita a jami'o'i, alal misali Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Gini kuwa kamar jikin mutum yake. Ginshiƙai da bango da rufi su ne ƙashi da fata. Bututun ruwa, da wayoyin lantarki, da hanyoyin iska, da kayan kashe gobara, da na'urar hawa bene, su ne jijiyoyi da huhu. Mu ɗalibai mukan ƙwallafa rai a kan ƙashi, domin mun ga yadda gini ke rushewa ya kashe mutane, kuma wannan tsoro daidai ne. Amma darasin na'urori mukan ɗauke shi kamar na cike gurbi, a haddace ma'anoni, a zuba su ranar jarrabawa, a manta, da tunanin cewa ai wannan aikin injiniyan na'urori ne. Gaskiya ne shi zai zana. To, amma ranar da za a zuba kankare ba lalle ne yana wurin ba, mu kuwa tilas muna nan.

ABIN DA NA'URAR KE YI

Abu na farko da ya wajaba a dasa a zuciyar ɗalibi shi ne, iyakwandishan famfo ce ta ɗebe zafi. Kwashe shi take yi daga ɗaki ta zubar a waje, kamar yadda ake kwalfe ruwa daga kwale-kwale. A cikinta akwai gas da ke zagayawa ta matakai huɗu. Kwamfireso yana matse shi ya yi zafi ƙwarai. Ya bi ta bututun da ke waje, fanka ta hura masa iska, ya saki zafin ya koma ruwa. Ya ratsa ta wata 'yar ƙuntatacciyar ƙofa, matsinsa ya faɗi, ya yi sanyi. Kana ya shiga bututun da ke cikin ɗaki ya tsotse zafin iskar ɗakin, ya sake zama gas, ya koma wurin kwamfireso. Wanda ya fahimci wannan ba zai taɓa yarda a cusa kashin na'urar na waje cikin lungun da iska ba ta ratsawa ba, domin ya san zafin da aka fitar zai dawo mata.

Har ila yau na'urar tana tatse danshin iska. Hasali ma don wannan aka ƙirƙire ta. A shekarar 1902 injiniya Willis Carrier ya tsara na'urarsa ta farko domin wata maɗaba'a a Buruklin ta birnin Niyok a Amurka, inda laima ke sa takarda ta kumbura, launuka su ƙi hawa daidai. Ruwan nan da muke gani yana ɗiga daga na'ura, yana ɓata fentin manyan gine-ginenmu, danshin ɗaki ne aka tatse, kuma tilas a tanadar masa hanya tun cikin zane.

Game da awo, 'yan kasuwa sukan ce wannan mai ƙarfin doki ɗaya ce, waccan ɗaya da rabi. Ɗalibi ya kamata ya san abin da ke bayan wannan magana. Mai doki ɗaya da rabi tana ɗebe zafi kimanin kilowat 3.5, watau BTU 12,000 a awa guda, wanda masana ke kira tan ɗaya na sanyi, gama shi ne zafin da zai narkar da tan guda na ƙanƙara a cikin awa 24. Tana yin wannan aiki ne da lantarkin da bai wuce kilowat ɗaya da 'yan kai ba.

LISSAFIN ZAFI KAFIN SAYEN NA'URA

Yanzu bari mu yi irin lissafin da nake ganin da shi ya kamata darasin ya fara. Mu ƙaddara ajin karatu ne a saman bene, tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 10, yana ɗaukar ɗalibai 80, a watan Afrilu, waje yana digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, mu kuwa muna son ciki ya tsaya a 25.

Mutum a zaune yana fitar da zafi wajen wat 120, saboda haka ɗaliban kaɗai sun kawo kusan kilowat 10. Rana tsaka a sararin da ba gajimare tana sauke kimanin wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Mu ɗauka rufin kwano ne da siririn silin, wat 60 ne kawai ke ratsowa ta kowace murabba'in mita, to, rufin ya ƙara kilowat 7. In akwai tagogin gilashi masu faɗin murabba'in mita 10 suna duban yamma ba inuwa, da la'asar za su iya zubo kilowat 5. Bango da fitilu mu ba su kilowat 4. Sai iskar shaƙa: ƙa'idar da ake bi a ofisoshin Ingila ita ce lita 10 a kowace daƙiƙa ga kowane mutum, kuma sanyaya wannan iska daga digiri 40 zuwa 25 ga mutum 80 zai ci kilowat 14. Jimla kilowat 40 ke nan, watau na'ura 11 ko 12 masu doki ɗaya da rabi, a aji guda.

To, jama'a, ku dubi inda hannun magini yake cikin wannan lissafi. Ba zai rage yawan ɗalibai ba, ba kuma zai hana su numfashi ba. Amma in an shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon, aka bar kafofin da iska za ta ratsa tsakanin kwano da silin, kilowat 7 na iya komawa 2. In an juya ginin tagoginsa suka dubi kudu da arewa, aka yi musu baranda, kilowat 5 na iya komawa 1. An rage kilowat 9, kusan na'ura uku, tun ba a sayi ko ɗaya ba. Wannan ya yi daidai da lantarki yunit 3 a kowace awa ta tsananin zafi. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga masu rukunin farko, saboda haka bisa wannan farashi Naira 675 ke nan a awa, a ɗaki guda. Ku ninka da yawan ɗakunan sakatariya ko asibiti, ku ninka da shekarun da ginin zai yi.

YANAYINMU DA HIKIMAR MAGABATA

Yawancin littattafan da ake karanta wannan fanni da su an rubuta su ne a ƙasashen sanyi, inda babbar damuwa ita ce ɗumama gida, inda kuma ake son taga ta dubi kudu don ta kwashi rana. Ƙa'idojin kimiyyar ɗaya ne, amma misalan ba namu ba ne. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta kusan tsakar ka, har ma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta takan karkata ta arewa. Don haka gajeriyar baranda ta isa kare bangon kudu da na arewa, bangon gabas da na yamma su ne abokan gaba.

Daɗin daɗawa, shekararmu ba yanayi ɗaya ba ce. Da hunturu iska busasshiya ce mai ƙura, wadda ke toshe matatar na'ura cikin 'yan makonni. Da bazara zafi a Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, iska kuma ba danshi. Da damina zafin yakan sauka, laima ta hau. Kowane lokaci da irin maganinsa. A lokacin da iska ke bushe, ruwa kansa na'urar sanyi ne, domin lita ɗaya in ta bi iska tana tafiya da zafin da ya kai kashi biyu cikin uku na yunit ɗaya na lantarki. Wannan shi ne sirrin randa da tulu. Shi ne kuma sirrin tukunya cikin tukunya da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Akwai na'urorin sanyaya ɗaki masu aiki da wannan hanya, fanka ce kawai da ɗan famfo da jiƙaƙƙen tabarmi, ana amfani da su ƙwarai a Yamai da Khartum, suna cin wuta kaɗan, sai dai da damina amfaninsu yakan ragu. Ɗalibin da aka koya wa wannan zai san inda za a sa su da inda ba za a sa ba.

Magabatanmu sun san wannan ilmi a aikace. Katangar tubali mai kauri tana jinkirta zafin rana, ba ya isa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka fito tsakar gida. Soro mai tsawo yana ba zazzafar iska wurin tashi sama da kawunan mutane, ƙananan tagogi kuma suna hana rana shiga. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajen shekarun 1830 zuwa 1840, ya rufe babban fili da bakan gizo na ƙasa da azara ba tare da siminti ba. Ban ce a gina asibitin tiyata da tubali ba. Abin da nake cewa shi ne a kai ɗalibi Gidan Makama a Kano da ma'aunin zafi a hannunsa, ya auna da azahar, ya je ɗakin bulo mai rufin kwano ya auna, ya dawo aji ya bayyana dalilin bambancin da lissafi. Gani ya kori ji.

A FILIN AIKI

A nan ne rashin sani ke zama asara a fili. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin sabon gini an gama filasta da fenti, sai mai haɗa na'ura ya zo da guduma yana fasa bango yana neman hanyar bututu. Wani lokaci abin ba ya tsayawa a bango, har bim ake hudawa a yanke rodi, a raunana abin da ke ɗauke da bene. Maganin wannan ɗan guntun bututu ne da za a ajiye cikin katako kafin a zuba kankare, a wurin da injiniya ya amince. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sai wanda ya karanta zanen na'urori tare da zanen ginshiƙai zai san wurinsa.

Haka nan tilas a bar isasshen fili tsakanin silin da dakin don manyan bututun iska su wuce, in ba haka ba a ƙarshe sai a sauke silin har ya kusa taɓa kan mutane. Bututun ruwan da na'ura ke tatsa yana bukatar gangara, a ƙalla santimita ɗaya a kowace mita. Tankin ruwa mai lita 5,000 nauyin ruwansa kaɗai tan 5 ne, ba a ɗora shi a kan rufin da ba a lissafa da shi ba, kuma sai an ɗaga shi mita 10 kafin a sami matsin ruwa na ba ɗaya. Kwamfireso irin na da, marar inbata, yana jan wuta ninki biyar ko shida a lokacin tashi, wanda bai san haka ba zai sayi janaretan da zai riƙa mutuwa duk sa'ad da na'urori suka tashi tare. Kafin a saki gas cikin sabon bututu wajibi ne a zuƙe iska da danshin da ke ciki da famfon zuƙa, kuma mai kula da aikin da ya san haka ba zai sa hannu a takardar biya ba sai ya ga an yi.

RAI MA YANA CIKI

Kada a zaci maganar kuɗi ce kaɗai. A shekarar 1976 tsofaffin sojojin Amurka sun yi taro a wani otal a birnin Filadelfiya, bayan an watse da yawa suka kwanta da ciwon huhu, wasu suka rasu. Bincike ya gano wata ƙwayar cuta da ba a san ta ba a da, wadda ke hayayyafa cikin ruwa mai ɗumi irin na hasumiyar sanyaya ruwa ta manyan na'urori, iska kuma ta watsa ta. A watan Nuwamba na 1980 gobara ta tashi a otal ɗin MGM Grand da ke Las Begas, fiye da mutum 80 suka mutu, akasarinsu a benaye na sama inda wuta ba ta kai ba, hayaƙi ne ya bi ta matakala da ramin na'urar hawa bene da hanyoyin iska ya same su. Saboda irin wannan ne ake sa ƙofofin da ke rufe kansu cikin bututun iska in wuta ta tashi, ake kuma toshe duk ramin da bututu ya ratsa bango da abin da wuta ba ta ci. Waɗannan abubuwa suna ɓoye a bayan silin, ba mai ganinsu ranar buɗe gini, sai mai kula da aikin da Allah.

Ƙananan na'urorin da ke manne a bangon ofisoshinmu kuma ba sa shigo da sabuwar iska, ta cikin ɗakin suke juyawa. In an rufe tagogi ruf, mutane da yawa suna ciki, ga kasala da ciwon kai, ga yaɗuwar cututtukan numfashi, kamar yadda annobar korona ta 2020 ta tunatar da duniya. Gas ɗin ma yana sauyawa. Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ta sa an daina R-12 ana kuma janye R-22 saboda suna lalata rufin ozon da ke kare mu daga cutarwar hasken rana, gyaran da aka yi mata a Kigali a 2016 kuma ya sa ana rage irin su R-410A saboda ɗumamar duniya. Daga cikin waɗanda ke maye gurbinsu, R-32 yana ɗan kama wuta, R-290 kuwa yana kamawa sosai. Mai kula da aiki tilas ya san abin da ke cikin tulun gas ɗin da aka ajiye kusa da mai walda.

SHAWARWARI

Malam Shugaba, bisa ga abin da ya gabata ina da shawarwari huɗu, ina miƙa su cikin ladabi. Na farko, a fara darasin da lissafin zafi na wani gini na haƙiƙa a harabar makaranta, ɗalibai su auna da hannunsu, kafin a shiga sunayen na'urori. Na biyu, a kawo tsohuwar na'ura aji a kwance ta, a kuma gayyato ƙwararren mai gyara daga cikin gari ya nuna, domin yana da sanin da ba ya cikin littafi. Na uku, a haɗa ɗaliban zane da na injiniya da na ƙididdiga da na kula da gini a kan aiki guda, su ɗora zanensu bisa na juna, a takarda ko a kwamfuta, su gano inda bututu ya ci karo da bim tun ba a sayi siminti ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na huɗu, a lokacin koyon aiki a masana'antu, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973, a wajabta wa kowane ɗalibi ya halarci gwajin na'urori kafin miƙa gini, ya rubuto abin da ya gani. A kuma sa Dokar Gine-gine ta Ƙasa ta 2006 da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine ta 2017 cikin abin da ake karantawa.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, ta teburinku takardun kwangila ke bi. In an kawo muku ƙiyasin sayen na'ura ashirin, ku nemi a nuna muku lissafin zafin da ya haifar da ashirin ɗin. Ku tambayi abin da aka sa a ƙarƙashin rufi, da inda tagogi suka duba, da wanda zai riƙa wanke matata, da kuɗin da aka ware don haka. Araha ba ta ado, kuma kwangilar da ta fi sauƙi ranar sa hannu sau da yawa ita ce mafi tsada a wurin biyan kuɗin wuta da man janareta.

Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai na'urorin sanyaya ɗaki wajen biliyan 1.6 a duniya, za su kuma iya kai biliyan 5.6 a 2050, galibin ƙarin a ƙasashe masu zafi. Makarantu da asibitoci da ofisoshin da za a sa wasu daga cikinsu a ƙasarmu ba a gina su ba tukuna, kuma waɗanda za su tsaya a kan gininsu suna zaune cikin wannan zaure. Ina roƙon malamanmu su tsananta mana a wannan darasi kamar yadda suke tsananta mana a lissafin rodi, mu kuma ɗalibai mu ba shi haƙƙinsa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar da za a danƙa mana.